Jirgi Na Mai Shi Ne, Kogi Na Jama'a: Raddi Ga Masu Cewa A Damƙa Hanyoyin Ruwa Ga 'Yan Kasuwa

Duk ranar da aka wayi gari da labarin jirgi ya kife a kogin Neja ko Binuwai, ko a ɗaya daga cikin madatsun ruwanmu, akwai maganar da ba ta rasa biyo bayan salati da addu'a. Za ka ji ta a majalisa bayan la'asar, ka ji ta a shirin rediyo na kiran waya, ka karanta ta a Facebook. Cewa ake yi gwamnati ba ta iya riƙon komai ba, a damƙa kogunan nan ga 'yan kasuwa su zuba kuɗinsu su ci ribarsu, mu kuma mu tsira da rayukanmu. Masu wannan magana mutanen kirki ne. A cikinsu akwai malaman jami'a, akwai 'yan kasuwar da suka ga jiya suka ga yau, akwai waɗanda da hannunsu suka binne 'yan'uwan da ruwa ya ci. Takaici ne yake sa su faɗa, kuma takaicin nan ni ma ina ɗauke da shi. Sai dai ina ganin maganin da suke miƙowa na wani ciwon ne daban, kuma ina roƙon su ba ni aron kunnuwansu in faɗi dalilina.

Inda suke da gaskiya

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 1997 aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, aka ajiye hedikwatarta a Lakwaja, mahaɗar Neja da Binuwai. A lissafin hukumar, ƙasar nan tana da hanyoyin ruwa kimanin kilomita 10,000, waɗanda suka taɓa jihohi 28 daga cikin 36. A watan Satumba na 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya je Lakwaja ya ƙaddamar da aikin yashe kogin Neja daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, a kan kuɗin da ya haura naira biliyan 30. Aka yashe aka tafi, yashi ya koma inda aka kwashe shi, domin yasar kogi aiki ne da ake maimaitawa duk shekara kamar yaɓen soro. A watan Janairu na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro a jihar Neja. Shekaru suka yi ta shuɗewa tashar tana zaune ba jirgi ba kaya, saboda hanyar motar da za ta kai can ba ta gyaru ba, layin dogon da ya haɗa ta da Minna kuma ya daɗe da mutuwa. Daga wannan Baron ne fa aka faro layin dogon da ya iso Kano a 1911, lokacin da kaya ke sauka daga jirgin ƙasa su hau jirgin ruwa su gangara teku.

Wanda ya ga wannan duka, ya kuma tuna cewa kafin 2001 layukan wayar NITEL ba su kai rabin miliyan ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari, sannan ya duba aljihunsa ya ga wayar da kamfanoni suka kawo masa, ba za a ga laifinsa ba idan ya ce a yi wa kogi yadda aka yi wa waya. Na yarda gwamnati ta gaza a kan ruwa. Inda muka rabu da su shi ne a kan abin da gazawar take nufi.

Jiragen da ke kifewa na su wa ne?

A ƙarshen watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ya dare a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, ɗauke da mutum sama da 150. Waɗanda aka ceto da rai kimanin ashirin ne. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano, jirgi ya nutse da 'yan makarantar Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi, aka tsamo gawa 29, yawancinsu yara. A watan Yuni na 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki da tsakar dare. A farkon Oktoban 2024 wani jirgin da ya kwaso ɗaruruwan masu zuwa Mauludi ya kife a yankin Mokwa, gommai suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ita ce, irin waɗannan jirage na wane ne? Jiragen da ke fito da jigilar fasinja a kogunanmu kusan dukkansu na masu zaman kansu ne. Mutum ne ya tara kuɗinsa, ko ya ci bashi, aka sassaƙa masa jirgi, ya ɗaura inji, ya shiga nema. Wato abin da ake kira a yi, a bar sufurin ruwa a hannun masu neman riba, shi ne ainihin halin da muke ciki tun da daɗewa. Babu wani fanni na sufuri a ƙasar nan da gwamnati ta sakar wa kasuwa mara kamar wannan.

Mu duba lissafin mai jirgi da idon adalci. Fetur ya yi tsada, musamman bayan cire tallafi a 2023. Ko ya ɗauki mutum hamsin ko ya ɗauki ɗari da hamsin, bambancin man da injin zai sha kaɗan ne, don haka duk wanda ya ƙaru a kan ƙa'ida riba ce zalla. Rigar ruwa kuɗi ce, fitilar dare kuɗi ce, sauya katakon da ya ruɓe kuɗi ne. Kasuwa kuma sau ɗaya take ci a mako, in ya bar buhunan nan da baburan nan a kwata wani ne zai kwashe. Fasinja shi ma ba shi da zaɓi: hanyar mota ta lalace, ko ta yi nisa, ko 'yan bindiga sun tare ta. Ban ɗauki masu jirage azzalumai ba. Mafi yawansu talakawa ne masu neman abin kai wa bakin salati, suna cikin jirgin da ke kifewa, su ma ruwan yana cin su. Amma neman riba ba ya sa wa kansa linzami. Wani ne daga waje yake sa masa, wanda cikinsa bai dogara da yawan lodin ba. Wannan mutumin ne babu a yawancin kwatocinmu. Doka ta hana tafiyar dare, ta hana lodin wuce kima, ta wajabta rigar ruwa, amma wanda zai tsaya a bakin ruwa ya ce wannan jirgi ba zai tashi ba shi ne ya yi ƙaranci. Abin da ya kashe mutanen Wara da Patigi ƙarancin hukuma ne a inda ake buƙatarta.

Aikin da ba shi da mai saye

Akwai ayyuka a kan kogi da kowa ke amfana da su amma ba wanda za a iya tsarewa a ce ya biya. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye garuruwa da gonaki da dazuzzuka. Kututturan itatuwan da ya binne suna nan a ƙarƙashi, matuƙan yankin Yawuri da Ngaski da Borgu sun san su, kuma sun san abin da suke yi wa cikin jirgi idan ruwa ya ja baya. Cire su aiki ne mai tsada. Haka auna zurfin ruwa bayan kowace damina, da kafa alamun da za su nuna wa matuƙi inda tudun yashi ya koma, da share kainuwa, da sare kacalar da ta toshe magudanan Haɗeja da Nguru, da ajiye 'yan ceto da jirginsu mai gudu a shirye dare da rana. Wanda ya cire kututture a tsakiyar tafki ya ceci kowane jirgi da zai bi wurin, na mai biya da na marar biya. Ɗan kasuwa mai hankali ba zai zuba kuɗinsa a nan ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Idan aka ce to a ba shi kogin gaba ɗaya don ya riƙa karɓar kuɗi a wurin kowa ya yi waɗannan ayyuka, sai mu tambaya wane ɓangaren kogin zai so. Zai so tsakanin Warri da Anacha da Lakwaja, inda ake sa ran manyan kwantena da siminti da mai. Mashigin da matan ƙauye ke haurawa da ƙullin gyaɗa da busasshen kifi ranar kasuwa ba zai biya kuɗin ko alama ɗaya ba. Ko dai ya yi watsi da shi, ko ya ɗora masa kuɗin da matan ba za su iya ba. A waɗannan mashigan ne kuwa ake mutuwa.

Mun riga mun san wannan rabon aiki a kan tudu. Motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Zariya na masu su ne, direba yana neman ribarsa, ba wanda ya ce gwamnati ta karɓe su. Amma titin na jama'a ne, jami'an kiyaye haɗurra kuma ba direbobi ke biyan su albashi ba. Kogi titi ne da Allah ya shimfiɗa, jirgi kuma mota ce.

Waya daban, kogi daban

Misalin wayar salula shi ne mafi ƙarfin hujjar abokan muhawarata, don haka ya cancanci a dube shi da kyau. Lokacin da kamfanonin farko suka fara aiki a 2001, layi ɗaya dubban nairori ake sayar da shi, kuma ko daƙiƙa biyar ka yi kana magana kuɗin minti guda za a cire. A 2003 sabon kamfani ya shigo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi ba don suna so ba. Abin da ya sauƙaƙa wa talaka waya gasa ce, tare da hukumar gwamnati, NCC, wadda ta riƙe ikon raba zangon sadarwa da sa ido. In wannan kamfani ya ɓata maka rai, ka cire layinsa ka sa na wani.

Kogin Neja guda ɗaya ne. Mutumin Wara ba shi da kogi na biyu da zai koma idan na farko ya yi masa tsada. Duk wanda aka ba shi ya zama shi kaɗai a kasuwa, ba mai ƙure shi. Misalin da ya fi kama da kogi shi ne wutar lantarki. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, kowane yanki da kamfaninsa guda, waya ɗaya ce ta shigo unguwa. Mai karatu ya fi ni sanin abin da ya gani a gidansa tun daga lokacin. Inda babu gasa, sauya mai abu daga gwamnati zuwa kamfani kan zama gudun gara a faɗa gidan zago, domin gwamnati ko ba komai kana da ƙuri'ar da za ka hukunta ta da ita.

An taɓa gwadawa a kan wannan kogin

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tarihi, domin kogin nan da kakanninmu ke kira Kwara ya taɓa zama a hannun kamfani. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 Turawa suka rubuta cewa zirga-zirga a kan Neja a buɗe take ga kowa. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin Joji Goldi, Royal Niger Company, takardar izinin mulki da ciniki a kan kogin. Kamfani ne mai masu hannun jari da ke jiran riba a Landan. Nan da nan ya kafa shingen kwastan a Akasa, bakin teku, ya ɗora lasisi da haraji a kan duk wanda ya kira baƙo. Mutanen Nembe, waɗanda tun kaka da kakanni suke hawa kogin da kwale-kwalensu suna sayen manja da abinci, suka wayi gari sun zama baƙi a ruwan da aka haife su a kai. Sai sun biya lasisin fam 50 a shekara kafin su yi ciniki, wanda ya ƙi a kira shi ɗan fasa-ƙwauri a ƙwace kayansa. Da yunwa ta kai su bango, a watan Janairu na 1895 Sarkinsu Koko ya jagorance su suka afka wa Akasa. Sojan ruwan Ingila suka rama da ƙona garinsu.

Abin bai tsaya a kudu ba. A farkon 1897 sojojin wannan kamfani suka yaƙi Bida suka yaƙi Ilori, garuruwan da ke ƙarƙashin tutar Daular Usmaniyya. Da gwamnatin Ingila ta ga abin ya fi ƙarfin kamfani, ta karɓe izinin, ta biya shi diyyar fam 865,000, Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900. Ta kan kogin da kamfani ya riƙe mulkin mallaka ya shigo ƙasar Hausa.

Za a ce wancan zamanin mallaka ne, yanzu akwai doka da kotu. Gaskiya ne, kuma ban ce kamfanin yau zai zo da bindiga ba. Amma abin da ya tura Goldi ya rufe kogin lissafi ne, kuma lissafin bai canja ba: wanda ya mallaki hanya ɗaya tilo, ribarsa tana cikin shingen da ya kafa a kanta.

Akwai darasi na biyu daga baya. Har zuwa shekarun 1960 manyan kamfanonin ciniki, UAC da John Holt, suna da ayarin jiragen ruwa da ke tasowa daga Burutu da Warri su hau Neja su shiga Binuwai, har Yola, har Garwa a Kamaru idan ruwa ya cika a tsakiyar damina, su sauko da gyaɗa da auduga. Da yaƙin basasa ya tsayar da zirga-zirga daga 1967, manyan motoci kuma suka karɓe kaya, sai jiragen suka yi ta ɓacewa. Kamfani yana zuwa ne lokacin da riba ta zo, ya tafi ranar da ta tafi, kuma haka ya kamata ɗan kasuwa ya yi. Mutanen bakin kogi kuwa ba su da inda za su. Dole a sami mai riƙon kogin da zai zauna tare da su a shekarar riba da shekarar asara.

Abin da wasu ƙasashe suka koya

Mashigin Suwez na Masar kamfani ne ya gina shi, aka buɗe a 1869, da gumin talakawan Masar da aka tilasta wa haƙa. A 1875 bashi ya sa Sarkin Masar Isma'il ya sayar wa Ingila hannun jarin ƙasarsa a kan fam miliyan 4, shekara bakwai bayan haka sojan Ingila suka mamaye ƙasar. Ribar mashigin ta yi ta tafiya Faris da Landan har ranar 26 ga Yuli, 1956, da Jamal Abdul Nasir ya tsaya a Iskandariyya ya mayar da shi mallakar ƙasa. A lokacin an yi ta cewa Misirawa ba za su iya ba, har matuƙan Turawa suka ajiye aiki don a ga gazawarsu. Jirage suka ci gaba da wucewa. Hukumar gwamnati ce ke riƙe da shi har yau, ta faɗaɗa shi a 2015, a shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023 kuma ya shigo wa Masar da dala biliyan 9.4.

Mashigin Fanama ya koma hannun ƙasar Fanama daga hannun Amurka ranar 31 ga Disamba, 1999. Ba su sayar da shi ba. Sun kafa masa hukuma mallakar ƙasa, suka rubuta 'yancinta a cikin tsarin mulki, tana da asusunta daban, tana ɗaukar ma'aikata bisa cancanta, tana zuba rara a baitulmali duk shekara. Da za su faɗaɗa shi sai da suka tambayi jama'a ta ƙuri'ar raba gardama a 2006, aikin ya kammala a 2016.

Amurka, wadda ake buga misali da ita wajen sakar wa kasuwa mara, ba ta sayar da kogin Misisifi ba. Injiniyoyin sojan ƙasar ne ke yashe shi, su ke riƙe da ƙofofin ruwansa. Jiragen dakon masara da waken soya na kamfanoni ne, suna biyan haraji a kan man da suke sha, ana tara shi a asusun manyan gyare-gyare. Ingila kuwa ta bi ɗaya hanyar ta dawo. Kamfanoni ne suka haƙa magudanan jiragenta tun daga shekarun 1760. Da jirgin ƙasa ya zo, kamfanonin dogo suka saye da yawa daga cikinsu suka bar su suka lalace, don kada su yi musu kishiya. A 1948 gwamnati ta karɓe su, a 2012 ta miƙa na Ingila da Wales, kimanin mil 2,000, ga wata gidauniyar amana da ba ta raba riba, tana kuma tallafa mata da kuɗi. Ƙasashe huɗu ke nan masu tsarin mulki daban-daban, duk sun tsaya a wuri guda: hanyar ruwa amanar jama'a ce, abin da ke yawo a kanta na masu shi ne.

Kogi ya fi hanyar jirgi

Wani abin da ake mantawa shi ne kogi ba matuƙa kaɗai yake yi wa aiki ba. Masunci yana jefa komarsa, manomin fadama yana ja da injinsa, makiyayi yana gangarowa mashaya, mata suna wanki, gari yana sha. Dokar NIWA ta ba hukumar iko har a kan filin da ke gefen ruwa, mita 100 daga gaɓa. Duk wanda aka damƙa wa hanyar ruwa, hannunsa zai kai ga waɗannan mutane, kuma a littafin kamfani wanda ba ya biya cikas ne. Sannan kogin Neja ya taso ne daga Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi iyakar Benin kafin ya shigo mana ta Kebbi. Ƙasashe tara ne ke cikin hukumar kwarin Neja mai hedikwata a Yamai. Yawan ruwan da zai iso Yawuri ya danganta da abin da aka tare a sama, kamar yadda ambaliyar Binuwai ke da alaƙa da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Wannan magana ce ta ƙasa da ƙasa, ba kamfanin da zai iya zama a wannan tabarma.

Addininmu ma bai bar mu cikin duhu ba. Hadisi ya zo da cewa mutane suna tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin ruwan da mutum ya ɗebo ya zuba a mazubinsa, wanda ya halatta ya sayar, da manyan koguna irin su Nilu da Dajla da Furatu, waɗanda ba mallakin kowa ba ne. Kowa yana da haƙƙin sha da shayarwa da tuƙa jirgi a cikinsu muddin bai cutar da jama'a ba, yasarsu kuma daga baitulmali ake yin ta. Ɗan garuwa yana sayar da wahalarsa, kuma halalinsa ne, amma rafin da ya ɗebo ba nasa ba ne. Da ruwan rijiyar Ruma ya zama na sayarwa a Madina, Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, saye ya yi ya mayar da ita ta kowa da kowa. A al'adarmu ma Sarkin Ruwa mai tsaron ruwa ne. Shi ke cewa yau a shiga, yau kada a shiga, shi ake nema idan wani ya nutse, amma bai taɓa cewa kogin gadonsa ne ba.

To, mene ne mafita?

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tun da Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Janairu na 2024 cewa ikon hanyoyin ruwa yana hannun gwamnatin tarayya, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Abin da nake ganin ya dace shi ne a raba aikin gida biyu, kowa ya riƙe nasa.

Kogin kansa ya zauna a hannun hukumar jama'a, amma a sake mata gini irin na Fanama. Kuɗin da take karɓa daga masu haƙar yashi da lasisin jirage da dakon kaya ya zauna a asusun da ba a taɓa shi sai don kogi, a riƙa buga lissafinsa duk shekara kowa ya gani. Shugabancinta ya zama na masana ruwa, kada ya zama ladan siyasa. A majalisarta a zaunar da wakilan matuƙa da masunta da masarautun bakin kogi. Yasa ta shiga kasafin kowace shekara. Ribar da aka samu tsakanin Warri da Lakwaja ita za ta biya kuɗin alama da 'yan ceto a Ngaski da Patigi, abin da hukumar jama'a kaɗai za ta yarda ta yi. Kowace kwata mai cin kasuwa ta sami jami'in da zai ƙirga kawuna ya raba rigunan ruwa, a haɗa shi da Sarkin Ruwan wurin, a ba su albashi da ikon hana jirgi tashi. Jihohi da ƙananan hukumomi su sa hannu, domin daga Lakwaja ba a hango kowane mashigi.

Abin da ke kan ruwa kuwa a buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa sosai. Su kawo jiragen ƙarfe da na roba mai ƙwari, su yi gasa a farashi da tsafta da kiyaye lokaci. A ba ƙananan masu jirage rance mai sauƙi su sauya na katako, don kada gyara ya zama korar talaka daga sana'ar ubansa. Tashoshi ma ana iya ba kamfani haya na ƙayyadadden lokaci, kamar yadda aka yi da tashoshin Legas a 2006 inda hukumar tashoshi ta ci gaba da zama mai gida, da yadda aka yi da tashar Anacha a 2022. Aikin yasa kansa ana iya ba ɗan kwangila, a biya shi bayan an auna zurfin da ya haƙa. Duk wannan ciniki ne mai tsabta, domin mai haya ana iya sallamarsa idan ya saɓa alkawari.

Na san za a ce wannan hukumar kirki da nake kwatantawa a ina za a same ta a ƙasar nan. Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce, gwamnatin da ba ta iya tsare kogi ba, ba za ta iya tsare mu daga kamfanin da ta sayar wa kogin ba. Ita za ta zaɓi mai saye, ita za ta rubuta yarjejeniyar, ita za ta sa masa ido. Ko ta ina muka bi, sai mun gyara hukuma. Tun da aikin ba makawa, gara mu yi shi kogin yana hannunmu.

'Yan'uwana masu wancan ra'ayi, abin da kuke so shi nake so: uwa ta sa 'yarta a jirgi za ta Mauludi, ta koma gida ta ɗora tukunya da kwanciyar hankali, yarinya ta dawo da yamma. Wanda zai tabbatar da haka mutum ne da ke tsaye a kwata da littafi a hannu, wanda albashinsa ba ya ƙaruwa idan an ƙara fasinja, wanda zai dubi mai jirgi ya ce, Malam, ya isa haka, saura su jira sawu na biyu. Mu haɗa murya mu nemi a kawo mana shi, mu kuma riƙa tambayar duk mai neman ƙuri'armu a garuruwan bakin ruwa ina ya kwana a kan wannan. Allah ya gafarta wa waɗanda ruwa ya ci, ya ba iyalansu haƙuri, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da ya shimfiɗa mana daga Yawuri har teku.